A ina kuka fara ganin 'yar wasan Japan Yuko Tanaka?

Maman Iman: Salamu alaikum. Jiya ƙanena ya kunna mana Monster, fim ɗin Hirokazu Kore-eda na 2023. Akwai wata shugabar firamare a ciki, uwar yaro na zazzaga mata masifa, ita kuwa sai sunkuyar da kai take tana maimaita ban-haƙuri kamar mai biya karatun allo. Haushi ya ishe ni, har sai da aka zo inda take koya wa yaron busa ƙaho, jikina ya yi sanyi. Wai ita ce Oshin ɗin da manya ke labari?

Malam Azhari: Ita ce, 'yata, amma ɗaya ce cikin uku. Ayako Kobayashi ce Oshin ƙarama da aka kai aikatau a bakin buhun shinkafa, Nobuko Otowa ta fito a tsohuwa, Tanaka ta riƙe tsakiya. Ina karatu a Alƙahira a shekarun 1990 na kalla, a gidan maƙwabcinmu Bamisire. Oshin wasan talabijin ne, tashar NHK ta Japan ce ta shirya shi daga 1983 zuwa 1984, kashi 297, kowanne minti 15. Abin da ya tsaya min a rai shi ne zaman Oshin a yankin Saga, bayan girgizar ƙasar 1923 ta raba su da Tokiyo ta koma gidan surukai. Ga ciki, ga aikin gona, ga uwar miji da ko abincin da take ci sai ta yi mata gori. Tanaka ba ta kururuwa. Za ta ɗauki kwano, hannun ya ɗan yi rawa, ta haɗiye maganar da ke bakinta. Matar maƙwabcin nan kuwa tsine wa uwar mijin take da ƙarfi, sai ka ce tana jin ta.

Hajiya Turai: Malam, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekara biyu na yi a gidan gandu, na san wannan shirun. Ni a waya na kalla bara, da na iso Saga sai da na ajiye shi mako guda. Amma kada a ɗauka haƙuri ne zalla, ai daga ƙarshe goya ɗanta ta yi ta bar musu gidan.

Ɗan Maraɗi: Ni a Iran na ci karo da ita, ba a talabijin ba, a kasuwa. Na tambayi inda ake sayar da gwanjo aka ce in je "Tanakura". Ashe daga sunan gidan mijin Oshin ne, Tanokura.

Abba: Ni muryarta na fara sani. Ita ce muryar Eboshi a fim ɗin katun Princess Mononoke na 1997, matar da ke mulkin garin maƙera da bindiga a hannu. Da Yaya ta nuna min Oshin ban yarda mutum ɗaya ba ce.

Maman Iman: To Baba Malam, shekararta nawa lokacin Oshin?

Malam Azhari: Haihuwar 1955 ce a Osaka, kin ga 28 ke nan. A shekarar kuma ta ci kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Montreal da fim ɗin Amagi-goe. Shi nake nema yanzu, wanda ya samu mai fassara ya taimaka min.