Shawarwarin da aka bayar kan neman likitan ido

An yi tambaya kan yadda za a nemi likitan ido, mutane suka ba da shawarwari. Abin da aka fi nanatawa dai shi ne ka bambance mai gwajin tabarau da likitan da ke yin aiki, don in yana ce ta rufe ido tabarau ba abin da zai yi, sai tiyata. An ambaci Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, amma fa a yi sammako saboda layi. Wata daga cikin masu ba da shawarar ta ce duk inda ka je ka sa a auna maka hawan jinin ido, shi a ɓoye yake cin gani kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai ciwon suga ya je duk shekara ko garau yake gani. Maganin ɗigawa na kemis babu takardar likita kuwa, kowa ya ce a'a.