SoapUI ya ƙi loda WSDL, alhali birawuza tana buɗe shi lafiya lau

kodin_dare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Waɗanda suka saba da SoapUI, manhajar gwada sabis na yanar gizo, don Allah ku kawo ɗauki, tun jiya da rana abu ɗaya ya tsaya mini a wuya.

An ba ni aikin gwada wani sabis na SOAP (hanyar da manhajoji suke musayar saƙonni cikin XML) na kamfanin da muke hulɗa da su, suka turo adireshin WSDL ɗinsa, wato fayil ɗin XML mai bayyana ayyukan sabis ɗin, wanda ya ƙare da Oda.svc?wsdl. In na liƙa shi a birawuza, nan take XML ɗin yake zubowa. Amma in na shiga New SOAP Project na sa shi a Initial WSDL, sai ta yi jim, ta jefo mini wannan:

Error loading: org.apache.xmlbeans.XmlException: error: does not close tag

Na goge adireshin da ke cikin saƙon saboda sirrin aiki. Na cire manhajar na sake sakawa, na kashe kwamfuta na kunna, har na sauke WSDL ɗin na ajiye a folda na nuna mata shi daga can. Duk kanwar ja ce. Na rubuta wa mutanen, amsarsu layi ɗaya: a wajensu yana aiki. Jibi ake jiran rahotona.

yar_gwaji ta amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu da fama. Wannan saƙon ma'anarsa SoapUI ta miƙa hannu tana jiran XML aka ɗora mata HTML. HTML yana da alamomi irin su meta da br waɗanda ba dole a rufe su ba, shi kuwa mai karanta XML ba ya yafe wannan, da ya ci karo da ɗaya sai ya tsaya cak. To tambayar ita ce wa ya aiko mata shafin HTML?

Na fi zargin firoksin ofis, wato sabar da kwamfutocinku suke bi ta cikinta kafin su fita intanet. Birawuza tana bin saitin Windows, kuma sau da yawa tana miƙa shaidar shigarka a ɓoye ba ka sani ba. SoapUI a kan Java take gudana, saitinta daban. Shiga File, Preferences, Proxy Settings. Akwai Automatic da None da Manual. Zaɓi Manual ka rubuta sunan firoksin da lambar ƙofarsa da sunanka da kalmar sirri, ka sake gwadawa.

kodin_dare ya amsa:

Na gode Malama. Na gwada duka ukun. A None ko fita ba ta yi, sai dai ta yi ta jira har lokaci ya ƙare. A Manual kuma saƙon nan ne dai ya dawo. Wani a ofis ya ce wai matsalar TLS ce, tsarin ɓoye bayanan da https yake amfani da shi, in ƙara -Dsoapui.https.protocols=TLSv1.2 a fayil ɗin vmoptions da ke cikin foldar bin. Na ƙara, babu abin da ya motsa.

tsohon_hannu ya amsa:

Ɗan'uwa, cire wannan layin ka mayar da fayil ɗin yadda yake. Maganin gaske ne, amma ba na ciwonka ba. Ya yi tashe ne lokacin Java 7, wadda ba ta kunna TLS 1.2 da kanta in tana neman saba, daga Java 8 kuwa a kunne yake zuwa. Kuma da musabahar TLS ce ta lalace, da handshake_failure za ka gani ko wani SSLException, ba ƙorafin alamar da ba a rufe ba. Tunda har an kai ga karanta abin da ya dawo, an wuce wannan matakin.

Malama ta faɗi daidai, HTML ne. Amma akwai abu ɗaya a labarinka da ya ja hankalina: ka ce ka sauke WSDL ɗin a folda, kuma saƙon bai canza ba. Fayil ɗin da ke kan kwamfutarka ba ya bi ta firoksi. Ke nan akwai wani abin da take fita nema bayan ta gama karanta shi.

WSDL ba kullum yake zama fayil guda ba. Na farkon da kake gani kamar fuskar littafi ne, yana ɗauke da sunayen ayyuka da adireshin sabis, amma siffar bayanan da ake aikawa da karɓa tana cikin wasu fayilolin XSD da yake nunawa da wsdl:import ko xsd:import. Birawuza ba ruwanta da su, ta nuna maka fayil ɗaya ta tafi abinta. SoapUI kuwa dole ta bi kowanne ta ɗauko, da waɗanda su ma suka nuna, domin da su take gina maka samfurin buƙata. Ɗaya ya ɓace, duka aikin ya rushe. Shi ya sa ni in an ce mini "ai yana buɗewa a birawuza" ba na ɗaukarsa hujjar komai.

Wannan .svc ɗin ya nuna sabis ɗin WCF ne, tsarin gina sabis na Microsoft a kan .NET, kuma WCF yana rarraba nasa zuwa ?xsd=xsd0, ?xsd=xsd1 da sauransu. Buɗe fayil ɗin da ka sauke, ka nemi kalmar schemaLocation, ka karanta adireshin da ke gabanta harafi bayan harafi. Sannan ka koma kan adireshin da ka goge mana a saƙon kuskuren. Ka tabbata shi ne wanda ka liƙa? A ƙasan tagar SoapUI akwai http log da error log, su ma ka leƙa, a can za ka ga ainihin abin da ya fita da abin da ya dawo.

kodin_dare ya amsa:

Kai! Yallaɓai, wallahi kunya ta kama ni. Ashe abin da na goge shi ne amsar. Ido na ya ga Oda.svc a ƙarshe sai na ɗauka nawa ne, ban ko kalli farkonsa ba. Abin da ke wurin shi ne:

http://srv-app02:8080/Oda.svc?xsd=xsd0

Ni kuwa wanda aka ba ni https ne da cikakken sunan yankinsu. Guda uku ne a cikin fayil ɗin, xsd0 zuwa xsd2, duk da wannan srv-app02. A http log na ga shafin da firoksinmu ya mayar, yana cewa bai san mai wannan suna ba, har da tambarin ofishinmu a samansa. Kwana ɗaya da rabi SoapUI tana ƙoƙarin karanta wasiƙar ban haƙuri daga firoksi. Yanzu mene ne abin yi? In sa sunan a fayil ɗin hosts?

tsohon_hannu ya amsa:

Kar ka damu, ba wanda bai taɓa yin irinta ba. Wannan sunan na'urarsu ce ta cikin gida. Sabis ɗin yana zaune a bayan wata sabar gaba mai karɓar baƙi, amma da ya zo rubuta WSDL sai ya sa sunan da ya san kansa da shi. Shi ya sa da gaskiyarsu da suka ce a wajensu yana aiki, domin a cikin gidansu sunan yana da ma'ana.

Ka bar hosts. Suna kawai yake juyawa zuwa lambar IP, ba ya mayar da http ya zama https, ba ya buɗe ƙofa 8080 da suka rufe daga waje. Ga firoksi ma a tsakani, wanda shi yake neman sunan, ba kwamfutarka ba.

Fara da mai sauƙi: canza ?wsdl zuwa ?singleWsdl. Tun .NET 4.5 da ya fito a 2012 WCF yake iya haɗe komai cikin fayil guda. In nasu ya girmi wannan, sai aikin hannu: ka ɗauki adireshin waje ka ƙara masa ?xsd=xsd0, ka sauke, haka na ɗaya da na biyu, ka zuba su folda ɗaya da WSDL ɗin, ka gyara kowane schemaLocation ya koma sunan fayil kawai. Ka leƙa cikin XSD ɗin ma, sukan nuna junansu.

Su kuma in za ka rubuta musu, ka tura musu layin nan da ka gano, ka ce su duba useRequestHeadersForMetadataAddress a saitin sabis ɗin. Gyaran na dindindin a hannunsu yake.

yar_gwaji ta amsa:

Ƙari ɗaya kafin ka yi murna. Je ƙarshen WSDL ɗin ka duba soap:address. Kusan tabbas shi ma srv-app02 ne, kuma daga nan SoapUI take cike adireshin kowace buƙata. Aikin zai lodu, ka danna koren maɓallin, ka sake karɓar HTML. Danna sunan sabis ɗin sau biyu, ka shiga Service Endpoints ka sa adireshin waje, sannan Assign ga duk buƙatun, ya fi bin su ɗaya bayan ɗaya.

kodin_dare ya amsa:

Alhamdulillahi, ?singleWsdl ya yi. Ayyuka goma sha ɗaya duk sun jeru a gefen hagu. Malama, kamar kina gani, soap:address ɗin ma na cikin gidan ne, na canza kamar yadda kika ce. Na cire layin TLS ɗin, na kuma tura musu saƙo da hoton schemaLocation ɗin. Buƙatar farko ta dawo da 401, amma wannan na san dalilinsa, ba su ba ni kalmar sirrin gwaji ba tukuna. Allah ya saka muku da alheri.