Inda bakin giraf ɗin polinomiyal ke dosa

Malama Hadiza: Salamu alaikum malamai. Wace hanya kuke ganin ta fi shiga kan ɗaliban SS2 wajen gane inda giraf ɗin polinomiyal, wato lissafi irin x³ + 5x² + 3, ke dosa ta dama da ta hagu, ba tare da sun zana shi duka ba?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama. Abu biyu za su duba: pawa mafi girma, wato ƙaramar lambar da ke saman x, cika ce ko mara, da alamar lambar da ke gabanta. In cika ce, kamar x² ko x⁴, baki biyun waje ɗaya suke dosa, sama in alamar tarawa ce, ƙasa in ta ɗebewa ce. In mara ce sai su raba hanya: x³ hagu ƙasa dama sama, −x³ kuma akasin haka.

Malam Garba: Haka ne, amma kada a bar su da hadda kawai. A ba su y = −2x³ + 5x² + 40x, su sa x = 100. Kashin farko zai ba da −2,000,000, na biyu 50,000, na uku 4,000. Jimla −1,946,000. Da idonsu za su ga babbar pawa ta danne sauran. Sai su sa −100, su samu 2,046,000.

Malama Hadiza: Madalla. To ina suka fi yin tuntuɓe?

Malam Sani: Wajen ɗaukar abin da aka fara rubutawa. A y = 7x² − x⁵ + 3, jagoran shi ne −x⁵, ba 7x² ba. Haka in an ba su cikin baka, (x − 1)²(3 − x), ba sai sun buɗe duka ba: x² sau −x ya ba da −x³, hagu sama dama ƙasa. Wannan −x ɗin ne ke kayar da su.

Malam Garba: Ga kuma kalkuleta. Wanda ya danna −3² zai ga −9, domin sai ta fara yin pawa kafin ta sa alama. A sa baka, (−3)², a samu 9.

Malama Rabi: Ni ina ba da shawarar manhajojin zana giraf, Desmos ko GeoGebra, kyauta ne kuma suna aiki a waya. Sai dai a kula da faɗin allo. Ku gwada y = x³ − 50x². Tsakanin −10 da 10 kamar kifaffiyar ƙwarya yake, baki biyu duk ƙasa, yaro zai rantse pawar cika ce. Bai juyo ba sai wajen x = 33, bai kuma tsallake layin x ba sai a 50. A buɗa allon ya kai 60 kafin a yanke hukunci.

Malama Hadiza: Allah ya saka da alheri. Wannan na ƙarshen zan fara ba su ranar Litinin.