Wai da gaske Linux ba ta da ɓaraka?

Mai Shago, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shagon buga takardu gare ni, kwamfutar kuma Windows 7 ce, kullum sai wani ya kawo kile ɗinsa na USB an saka, can sai ka ga takardun ciki duk sun ɓace sai wasu gumaka masu 'yar kibiya. Wani yaro ɗalibi a Gaundare ya ce in cire Windows in sa Linux, wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wai ita ba ta da ƙofar da ɓarawo zai bi. Masana, haka ne?

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya yaron ya zuzuta. Tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, da ta kwantar da kwamfutoci kusan 6,000 a Amurka a Nuwamban 1988 ai Unix ta bi, manhajar da Linux ta kwaikwayi tsarinta, ta cusa wa wani shiri rubutun da ya fi ƙarfin wurin da aka tanada har ya malala ya zama umarni. Ita kanta Linux a 2016 aka gano wata ɓaraka mai suna Dirty COW, shekara 9 tana kwance a cikinta. An fi kai wa Windows hari ne don ita ce a hannun jama'a.

Mai Gyara, Kusiri:
Ni abin da ke ci min rai shi ne yawanci an riga an toshe ramin, mu ne ba ma saukar da gyaran saboda tsadar data. Dubi WannaCry, muguwar manhajar nan mai kulle kwamfuta don neman kuɗin fansa, Microsoft ta fitar da gyara tun Maris 2017, abin bai ɓarke ba sai 12 ga Mayu, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har asibitocin Ingila sai da suka ɗage ganin marasa lafiya, ana neman dala 300 a Bitcoin. To kai Alhaji Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 aka daina mata gyara, wallahi wannan ya fi damuna a kan maganar kile.

Hajiya, Njamena:
Kile ma ba wasa ba ne malam, ta nan tsutsar kwamfuta Conficker ta yaɗu, tsutsar Stuxnet ma ta nan ta shiga tashar nukiliyar Iran. Alhaji ka ware tsohuwar kwamfutar don kilen mutane kawai, ka cire mata intanet, takardun mutane kuma ka riƙa kwafe su a wani wuri daban.

Mai Shago, Garwa:
Allah ya saka da alheri. To in na sa Linux ɗin, firintata za ta yi aiki kuwa?