Gyaran murya da fulogin na kyauta: shawarwarin da na tattara

Da muka tattauna da masu harkar ɗaukar sauti, kusan kowa ya fara da ɗaki kafin kwamfuta. Rataya bargo mai kauri a bayanka, ka kashe fanka, ka bar tazarar kamar santimita 15 tsakanin bakinka da makirfo. Kada ka cika ƙarfin shigar sauti. Ya tsaya wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, domin muryar da ta fashe tun wurin ɗauka tana da wuyar gyaruwa. Wannan ya taɓa cinye min aikin dare guda cur.

Sai gyara da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙarawa cikin manhajar gyaran sauti. A Audacity ko wata manhaja, fara yanke gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz (Hz da kHz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) da TDR Nova, fulogin mai tace sauti. Shi ma yana iya lafar da kaifin harafin "s", wanda yakan taru tsakanin 5 zuwa 8 kHz. Wani fulogin, ReaComp, zai daidaita inda murya ta yi sama da inda ta nutse, amma a sassauta hannu, kada numfashi ya fi magana fitowa.

An ɗan yi saɓani kan amfani da MAutoPitch, fulogin da ke gyara muryar mawaƙi idan ta kauce wa karin waƙa. Ni dai ina ganin sake rerawa ya fi. Amsa-kuwwar da fulogin Valhalla Supermassive ke ƙara wa murya kuwa, ɗan kaɗan ya isa.