Yini ɗaya a duwatsun Atlas da tsohuwa mai ciwon gwiwa: Urika, Imlil ko Uzud?

Abban Yara:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Maroko. Cikin watan Afrilu, in Allah ya kai mu, zan raka mahaifiyata ziyara Fas, daga can mu biyo jirgin ƙasa zuwa Marrakesh don ta ziyarci kabarin Alƙali Iyad da na Imamu Jazuli. Mu biyar ne: ni, Hajiya, maiɗakina da yara biyu, babban shekararsa 11, ƙaramar 6. Bayan ziyara muna da yini guda a hannu, ko Asabar ko Litinin, yaran kuwa sun ƙwallafa rai sai sun ga dutse mai dusar ƙanƙara.

Tallan da nake gani iri biyu ne. Akwai wanda suke kira yawon kwari uku: a ɗauke ku da safe, a zagaya da ku cikin duwatsu, a nuna muku magangarar ruwa, a shiga ƙauyukan Berber a sha shayi, a hau raƙumi, a dawo da ku kafin magariba. Akwai kuma na zuwa magangarar ruwan Uzud kaɗai. Damuwata Hajiya ce. Ta haura 70, gwiwa na damunta, ko sallah a kan kujera take yi, kuma ba na son in kai ta inda za a bar ta cikin mota mu tafi kallo. Wanne ya fi dacewa da mu? Dole ne sai da ɗan jagora? Sannan shiga gidajen mutanen ƙauyen nan, gaske ne ko shiri ne don baƙi?

Ɗalibi a Marrakesh:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya kawo ku lafiya. A nan nake karatu, kuma duk baƙon da ya zo daga gida ni ake turawa in raka shi.

Fara cire yawon kwari uku daga lissafi. Ba wai wuraren ba su da kyau ba, a'a, tsarin tafiyar ne bai dace da tsohuwa ba. Yawanci ƙaramar bas ce cike da Turawa matasa, a tsaya nan minti kaɗan a ɗauki hoto, a sake cusa ku a mota, a tsaya can. Hajiya za ta yi ta hawa da sauka, kuma ba wanda zai jira ta yi alwala a tsanake. Ga shi mota ba ta shiga lungunan tsohon gari, in a can masaukinku yake sai kun tako da ƙafa zuwa bakin dandalin Jami'ul Fana ko wata ƙofar gari da sassafe.

Abin da nake ganin ya fi shi ne ku ɗauki shatar mota ku kaɗai, ku nufi kwarin Urika. Daga Marrakesh zuwa Sitti Fatma, ƙauyen da kwalta ta ƙare, kimanin kilomita 60 ne, awa ɗaya da rabi in ba cunkoso. Abin da ya sa na zaɓe shi: kogin yana bin gefen titi ne, kuma masu abinci sun jera tebura da dardumai da matasan kai a bakin ruwan, wasu kujerun ma ƙafafunsu na cikin ruwa. Hajiya za ta sauka daga mota, ta yi 'yan taku, ta zauna cikin inuwa, ruwa na gudu a gabanta, dutse ya tokare sama a bayanta. Ba a bar ta a baya ba ke nan, tana tsakiyar abin da aka zo gani. Sai dai ku zaɓi wurin cin abincin da ke ɓangaren titi, don waɗanda ke tsallake sai an bi ta gadar katako mai lilo.

Magangarun ruwan Sitti Fatma guda bakwai ne, suna saman ƙauyen, kuma hawansu ba na Hajiya ba ne ko kaɗan. Ba matakala ba ce, duwatsu ne ake takawa, wani wurin har da hannu ake kamawa, kusa da ruwan kuma akwai santsi. Zuwa ta farko yakan ci rabin awa ko fiye. Kai da babban yaron ku hau, ƙaramar in za ta je to hannunta na cikin naka. Mafi yawan mutane a ta farko suke juyowa, kuma ta isa.

Ba-Damagare:
Ni dai ban yarda ba. Malam, in ruwa kake son gani, Uzud za ka. Tsayinsa mita 110, yana zubowa hawa-hawa a kan jan dutse, ga itatuwan zaitun kewaye, ga birai na yawo cikin mutane. Wanda ya ga Uzud in ka kai shi Sitti Fatma sai ya tambaye ka ina ruwan yake. Kuma daga inda motoci ke tsayawa zuwa bakin saman ba nisa, Hajiya na iya leƙawa daga can ba sai ta sauka ƙasa ba.

Anti Nas:
Ba-Damagare, ka faɗi daɗin ka ɓoye wahalar. Uzud kusan kilomita 150 ne daga Marrakesh, awa biyu da rabi zuwa uku a tafiya, haka a dawowa. Mai ciwon gwiwa ta wuni ƙafa a lanƙwashe cikin mota, washegari kuma ta hau jirgi? Sannan kyan wurin daga ƙasa ake ganinsa, inda ake shiga 'yan kwale-kwale a matsa kusa da ruwan, kuma saukar matakala ce mai yawa, hawowa kuwa ko mai lafiya sai ya tsaya ya huta. Leƙe daga sama bai kai a yi masa wannan doguwar tafiya ba.

Ƙanena, ko ina kuka zaɓa, Hajiya ta zauna gaban mota, ta sha maganinta kafin a tashi, a riƙe mata sanda da bargo. Hanyoyin dutse kwana-kwana ne, yaran su yi karin kumallo mara maiƙo, a tanadi leda. Kada zafin Marrakesh ya ruɗe ku, can sama da sanyi, ruwan kogin kuwa daga ƙanƙara ya narko. Ku roƙi masu abincin su ɗumama mata ruwan alwala, ba za su ƙi ba. Takalmi kuma kambas, ban da silifas.

Ɗalibi a Marrakesh:
Anti ta gama magana. Kuma Uzud ba ta wajen manyan ƙololuwan yake ba, yaran ba za su ga abin da suka zo nema a can ba.

Imlil da ka sa a kan magana: shi ne ƙauyen da masu hawa Tubkal ke tashi daga cikinsa, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Wajen kyau ni ya fi min Urika, gonakin tuffa da ceri hawa-hawa a jikin dutse, ga 'yan magudanan ruwa da suka gina suna ratsa gonakin. Amma gari ne na ƙafa da alfadari. Duk inda za ka sai ka hau tudu. In ba ka shirya ɗora Hajiya a kan alfadari ba, bar shi sai wani zuwan.

Batun ɗan jagora. Hawa Tubkal ne hukuma ta wajabta shi, tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disambar 2018. A Sitti Fatma ba dole ba ne, amma da yara a hannu ka ɗauka, ya san dutsen da ake takawa da wanda ba a takawa. Kuna sauka samari za su yanyame ku, kowa na cewa shi ne. Masu lasisi suna da katin shaida, ka nemi gani, ku yanke kuɗi tun a ƙasa, ka kuma faɗa masa iyakarku ta farko. Direban da ya kawo ku aikinsa tuƙi ne, kada ka ɗauka kuɗin shata ya haɗa da mai hawa da ku.

Hajiya Mai Jallabiya:
Ɗana, ni sari ke kai ni Maroko, bari in gaya maka inda kuɗi ke zurarewa. A hanya direba zai tsaya wani gida ya ce ƙungiyar mata masu man argan ce. Za ka ga mata zaune a ƙasa suna fasa ƙwallo da dutse, wata na juya dutsen niƙa, a ba ku burodi ku dangwala mai da zuma da amlu, wani haɗi na almon da argan da zuma mai daɗin gaske. Daga nan sai a tura ku ɗakin sayarwa. To ka sani itacen argan ba a Urika yake fitowa ba, can kudu maso yamma yake, wajen Agadir da Sawira. Kanti ne aka kafa a hanyar baƙi, kuma direba na da kamashonsa a duk abin da kuka saya. Ban ce kayan jabu ba ne, na ce tsada ne. Ku ɗanɗana, ku yi godiya, in kun ga dama ku ɗauki ƙaramar kwalba.

Haka wajen abinci. Kafin ku zauna ka tambayi kuɗin tajin, dahuwarsu ta nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa, ka tambaya ko shayi da burodi da salak na ciki. In ka bari sai an cinye, abin da suka rubuta shi za ka biya. Ka riƙe dirhami a hannu, ƙananan canji, don kati ba ya aiki a yawancin wuraren, banɗaki ma sai ka ajiye 'yan sulalla. Raƙumin da ke cikin tallan kuwa, zagaye ne na 'yan mintuna a gefen titi, a naɗa maka shuɗin rawani a ɗauki hoto. Wanda ya taso yana ganin raƙuma a kasuwar Mai'aduwa ba zai biya kuɗi don wannan ba.

Uwar Biyu:
Ni tsoro nake ji muku. Ba yankin da aka yi girgizar ƙasa ba ne?

Ɗalibi a Marrakesh:
Shi ne, Anti. Daren 8 ga Satumban 2023, mai ƙarfin maki 6.8, a lardin Al-Hauz, kusan mutum 3,000 suka rasu. Ɓarnar ta fi tsanani ta wajen Amizmiz, Mulai Brahim, Asni da can ciki inda tsohon masallacin Tinmal ya rushe. Hanyar Urika a buɗe take, mutane na zuwa kullum, kuma mazauna wurin da zuwan baƙi suke ci. Za dai ku ga sababbin gine-ginen bulo a tsakanin tsofaffin gidajen ƙasa da dutse.

Abin da na fi so ku kiyaye shi ne ambaliya. Kwarin matsattse ne, in aka yi ruwa mai ƙarfi can sama, kogi na iya cika cikin ɗan lokaci alhali inda kuke zaune ko ɗigo bai sauka ba. A Agustan 1995 ta ci mutane fiye da ɗari a kwarin nan. An fi samun haka da hadarin wajen watan Agusta, amma duk da haka ku duba hasashen yanayi da safe, in kuka ga ruwan ya rine ya koma ja ko masu wurin sun fara kwashe kujeru, ku hau titi ba tare da jayayya ba.

Saura tambayarka ta shiga gida. Gidan na gaske ne, mutanen ciki a nan suke kwana, dabbobi a ƙasa, iyali a sama, ga tanderun ƙasa da ake gasa gurasarsu. Amma an saba kawo musu baƙi, kuma ana biyansu. Ni ban ga aibu ba, sana'a ce. Abin da ke ɓata min rai shi ne masu kutsa kai har madafa da waya a hannu ba ko sallama. Ku da kuka san darajar gida ba sai an gaya muku ba: a yi sallama, a nemi izini kafin hoto, musamman na mata, a bar wa uwar gida ɗan alheri a hannunta. Da sun ga Hajiya da carbi, tarbar da za a yi muku daban ce. Tsofaffinsu Tashelhit suke yi, wasu ko Larabcin ba su cika ji ba, amma gaisuwa da addu'a kowa ya gane.

Ba-Damagare:
To na sallama, Urika ɗin. Amma Malam ka lura da allunan makarantu da ofisoshi, za ka ga wani rubutu mai da'ira da ɗigo da gicciye a gefen Larabci. Tifinag ne, danginsa ne Buzayenmu na Agadas ke rubutawa. Tun 2011 harshen Amazig, wato na Berber, ya zama na hukuma a kundin tsarin mulkin ƙasar. Ka nuna wa yaran.

Kawu Malam:
Tunda ziyara ce ta kai ku, ga abin da masu tallan ba sa sawa. A bakin kwarin, kimanin kilomita 30 daga Marrakesh, akwai Agmat. Yau ƙaramin gari ne, amma a nan Murabiɗai suka fara zama kafin su kafa Marrakesh wajen 1070. A nan kuma Yusufu ɗan Tashfin, sarkin daular Murabiɗai, ya tsare Mu'utamid ɗan Abbad, sarkin Ishbiliya ta Andalus, mawaƙin nan, har ya rasu a 1095. Hubbarensa na nan, da matarsa a gefensa, kuma fili ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa. Ratse ne kaɗan daga hanya. Motar haɗaka ba za ta tsaya muku ba, amma mai shata zai tsaya in kun faɗa masa tun farko.

Sallah ba matsala, Malikawa ne kamar mu, kowane ƙauye da masallacinsa. Ku dai tafi da 'yar kujerar Hajiya mai naɗewa.

Abban Yara:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Hajiya na gaishe ku, ta ce Agmat ɗin nan ba fashi. Mun tsaya a kan shata zuwa Urika. Saura biyu: Asabar ko Litinin? Sannan yaran za su taɓa ƙanƙarar da hannu ko sai dai kallo?

Ɗalibi a Marrakesh:
Litinin, Yaya. Asabar da Lahadi mutanen Marrakesh kansu can suke kwarara shan iska, titi ya cushe, wurin ajiye mota ya yi wuya. Litinin kuma ranar kasuwar Urika ce, a garin da ke bakin kwarin, da safe take ci: jakuna da alfadarai a ɗaure gefe guda, masu aski a cikin rumfa, kayan lambu, tukwanen tajin. Ku tashi da wuri, ku fara da Agmat, ku leƙa kasuwa, ku isa Sitti Fatma kafin azahar.

Ƙanƙara kuwa, a Afrilu galibi za su hango ta fari fat a kan ƙololuwa tun daga hanya. Taɓawa sai an hau Ukaimedan, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara, mai tsayin sama da mita 2,500, kuma hanyarsa daga ta Urika take rabuwa. Sai dai zuwa lokacin sau da yawa ta narke a inda mota ke kaiwa, ga kwana-kwana, ga iska mai sanyi da ba za ta yi wa Hajiya daɗi ba. Kada ka yi musu alkawari. Ranar Lahadi da yamma ka sa direban ya kira wani a can ya ji ko akwai saura, in akwai ku yi cinikin ƙarin kuɗin tun a daren.