Tallan da ke ja wa kalmomi layi a cikin rubutu, akwai kuɗi a ciki kuwa?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah masana ina da tambaya. Ina da ɗan shafi da nake zuba girke-girke da Hausa yau shekara biyu kenan, su dambun shinkafa, alala, ɗanwake, kunun gyaɗa haka dai, kuma Alhamdulillah ana shiga musamman in azumi ya zo, sai dai ko sisi bai taɓa shigo min ba, datar ma daga kuɗin cefane nake tsakura. Shine ƙanin maigidana yake ce min wai akwai tallan da ba ya cin wuri, kalmomi kawai za a ja wa layi biyu a ƙasa, in mutum ya taɓa talla ta ɓullo sai a biya ni. Wai da gaske ne? Kuma ta ina kuɗin zai iso hannuna a nan Kano? A min bayani a hankali, ni ba gwanar kwamfuta ba ce.

Ɗan_Fam_Santa:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Bai miki ƙarya ba, akwai shi. Wanda aka fi sani shine Infolinks, da can akwai Kontera ma. Rijista za ki yi su ba ki wani ɗan kod ki liƙa a shafin, shi zai riƙa bin rubutunki yana tsinto kalmomin da masu talla ke nema ya ja musu layi. Da dala suke lissafi, sai ya taru ya kai dala 50 kafin ki cira, yawancin mutanenmu ta Payoneer, wato kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, suke karɓa daga nan su turo banki. AdSense, wato tsarin talla na Google, kuwa sai dala 100, kuma in kin kai dala 10 sai sun aiko miki da lambar PIN ta gidan waya, ga shi Hausa ba ta cikin jerin harsunan da suka ce suna karɓa, shi ya sa masu rubutun Hausa ke ta laluben wata ƙofa.

Amma fa ki sani asalin wannan tallan don mai kwamfuta aka yi shi, wanda zai ɗora linzami kan kalma akwatin ya buɗe. Masu karanta ki kuwa da waya suke shiga, wata tana tsaye a kicin hannu duk manja, da yawa ma Opera Mini ce da su mai toshe talla, ba za su ma ga layin ba balle su taɓa.

Manomin_Kura:
Hhhhh Maman Haidar tsaya ki ji daga wanda ya sha ruwan. Na taɓa sa irinsa na wani kamfani a shafina na harkar noma, matsalar da ba wanda ya faɗa min ita ce injin nan ba ya jin Hausa ko kaɗan, duk kalmar da ta yi masa kama da Turanci ita yake cafka. Na zauna na yi dogon rubutu kan noman rake, wallahi kalmar rake ya ja wa layi, ina dubawa sai ga tallan manjagara daga wani kanti a Amurka, ashe a Turanci manjagara kenan. Na rubuta "manoma sun koka" ya kama sun ɗin ya kawo gilashin rana. Duk wannan dariya ce, abin da ya ɓata min rai ranar da wani dattijo mai sayen iri a wajena ya kira ni yana cewa Malam yaushe ka fara tallan caca, na rasa inda zan sa kaina don kunya. Wata huɗu ban haɗa dala 5 ba, don taɓawar mutumin nan gida ba ta kai ta mutumin Ingila ko Amurka daraja a wajen masu tallan, ga shafin ya yi nauyi mutane na ƙorafin yana cinye musu data. Na cire shi na huta.

In kuma kin ce sai kin gwada to kar ki kuskura ki taɓa tallan da kanki ko ki sa yaran gida su yi ta dannawa, suna ganewa, akawun ɗin za su rufe da ɗan abin da ya taru.

Anti_Bilki:
Ƙanwata ni dai ga tawa shawarar. Tunda dabarar ita ce a sayar da kalma a cikin rubutu, me zai hana ki sayar da kanki? Kin rubuta a zuba daddawa da yaji, to nemi mai daddawa mai tsafta, ki sa kalmar ta zama linki zuwa WhatsApp ɗinta, ta riƙa ba ki wani abu duk wata. Haka mai garin kunu, mai kuka da kuɓewa busasshiya, mai tukwane a kasuwar Sabon Gari. Naira ce za ta faɗo akawun ɗinki ba jiran dala, kuma kin san abin da kike tallatawa. Sai dai ki rubuta a gefe cewa talla ce, kuma ki fara ɗanɗana kayan, don in yajin ya zo da ƙasa ke za a zaga ba ita ba.

Maman_Haidar:
Innalillahi Malam ka ba ni dariya har Haidar yana tambayata lafiya, to ni da rabin rubutuna wake ne ko me zai kawo min oho. Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti akwai maƙwabciyata mai yajin daddawa, nata muke ci a gidan nan dama, gobe in sha Allah zan leƙa mata. Amma nawa kike ganin zan ce mata a wata, ko in bari ta fara ganin ciniki tukunna?